Makullan da Muke Damƙa wa Injin Harhaɗa Manhaja

Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin 'yan'uwana masu sana'ar rubuta manhaja, da masu kamfanonin da ke ɗaukarsu aiki, a kan wani lamari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A 'yan shekarun nan an yi ta wayar da kan jama'a game da kalmar sirri, ana ce wa mai waya kada ya faɗa wa kowa lambar katinsa, kada ya karanta wa baƙo lambar da banki ya turo masa, kuma wannan gargaɗi ya yi amfani ƙwarai. Sai dai akwai wasu kalmomin sirri waɗanda babu ɗan Adam da ke buga su da yatsunsa kullum. Kwamfuta ce ke amfani da su a madadinmu dare da rana, kuma idan ɗaya daga cikinsu ta faɗa hannun ɓarawo, asarar ba ta tsayawa a asusun mutum ɗaya, takan shafi duk wanda ya taɓa ba kamfanin sunansa da lambar wayarsa da bayanan bankinsa.

Ga mai karatu da ba ya cikin sana'ar, ga yadda abin yake. Idan masu rubuta manhaja suka gama wani gyara, ba da hannu suke ɗaukarsa su kai wa jama'a ba. Akwai wata kwamfuta ta musamman, sabar harhaɗa manhaja, wadda aikinta shi ne ta ɗauko sabon rubutun daga ma'ajiyarsa, ta harhaɗa shi, ta gwada ko yana aiki, sannan ta ɗora shi a kan kwamfutocin da jama'a ke hulɗa da su. Mafi shahara a cikin manhajojin da ke wannan aiki ita ce Jenkins, wadda wani injiniya ɗan ƙasar Japan, Kohsuke Kawaguchi, ya fara rubutawa lokacin da yake aiki a kamfanin Sun Microsystems. Sunanta na farko Hudson, sai a shekarar 2011 aka sauya mata suna bayan saɓani da kamfanin Oracle wanda ya sayi Sun. Kyauta ake samunta, shi ya sa ƙananan kamfanoni da yawa a nan gida suka rungume ta, kuma da ita zan fi ba da misali domin ita na fi sani.

Domin wannan inji ya yi aikinsa, dole a ba shi izinin shiga wurare da dama. Yana buƙatar makullin ma'ajiyar rubutun manhaja, da makullin kwamfutocin da kamfani ya yi haya a wurin Amazon ko Google ko Microsoft, da kalmar sirrin rumbun bayanan abokan ciniki, da makullin sa hannu wanda ke shaida wa wayar mutum cewa sabon zubin manhajar daga masu ita ya fito, wani lokaci har da makullin kamfanin da ke karɓar kuɗi a madadinsu. Duk ɗan kasuwa ya san matsayin yaron da aka damƙa wa tarin makullan shago da na sito da na akwatin kuɗi a zobe ɗaya. Ba a barinsa ya kwana a waje da su, kuma maigida yakan san inda yake a kowane lokaci. Abin da ke ba ni mamaki shi ne a sana'armu injin da ke riƙe da irin wannan zobe shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Wani ya kafa shi a rana ɗaya shekaru uku da suka wuce, yana aiki babu ƙorafi, don haka babu wanda ya sake leƙa shi.

Na ga wannan da idona. An taɓa kirana in taimaka wa wani ƙaramin kamfani da ke harkar biyan kuɗi saboda injinsu ya daina aiki. Da na zauna, sai na tarar shafin shiga Jenkins ɗinsu a buɗe yake ga duk wanda ke intanet, asusu guda ne mai cikakken iko kuma duk ma'aikatan da shi suke shiga, kalmar sirrinsa tana cikin zauren WhatsApp na ofis inda aka tura ta tun ranar da aka kafa injin. Biyu daga cikin waɗanda ke wancan zaure a lokacin sun bar aiki watanni da yawa kafin zuwana, ɗayansu ma ba a rabu da shi da daɗi ba, amma ba a sauya komai ba. Yaran da na samu a wurin haziƙai ne masu son aikinsu, kuma ba na zarginsu da sakaci, domin babu wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu haɗarin. Na koma gida a ranar raina a jagule, ina tunanin 'yan kasuwar da ke tura kuɗinsu ta wannan tsari da cikakkiyar natsuwa.

Kuskure na farko kuma mafi yawa shi ne rubuta kalmar sirri tsirara a cikin rubutun manhaja ko a cikin fayil ɗin da ke tsara matakan aikin injin. Mai rubutu yakan yi haka ne cikin gaggawa da niyyar zai gyara daga baya. Matsalar ita ce manhajar Git, wadda kusan kowa ke ajiye rubutunsa da ita, an gina ta ne domin kada ta manta da komai. Ko ka goge kalmar yau, tana nan a tarihin ma'ajiyar, kuma duk wanda ya kwafi ma'ajiyar ya kwafe ta tare da tarihin. Saboda haka kalmar sirrin da ta taɓa shiga Git, maganinta ɗaya ne, a soke ta a yi sabuwa. Wannan kuskure bai bar manya ba. A watan Oktoban 2022 kamfanin Toyota ya sanar da cewa wani ɗan kwangila ya ɗora wani ɓangare na rubutun manhajarsu ta T-Connect a GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhaja, a bainar jama'a, da makullin shiga rumbun bayanai a ciki, kuma ya zauna a haka tun Disambar 2017 har Satumbar 2022, abin da ya jefa adireshin imel na abokan ciniki 296,019 cikin haɗari.

Wanda ya ɗan waye yakan ce shi ba ya haka, yana ajiye komai a ma'ajiyar sirri da Jenkins ta tanada. Wannan mataki ne mai kyau kuma ina ƙarfafa kowa ya ɗauke shi, domin a can ake ba kowane makulli laƙabi, rubutun aiki ya riƙa kiran laƙabin kawai ba tare da ainihin kalmar ta bayyana ba. Amma a nan ne nake son mu tsaya mu fahimci iyakar kariyar, domin na lura mutane da yawa suna jin kalmar "an rikiɗa" sai hankalinsu ya kwanta fiye da kima. Gaskiya ne Jenkins tana rikiɗa kalmomin sirri kafin ta rubuta su a fayil mai suna credentials.xml, ta yadda wanda ya buɗe fayil ɗin ba zai ga komai ba sai tarkacen haruffa. To amma injin yana buƙatar ya warware su da kansa da ƙarfe biyun dare ba tare da ya tashi kowa daga barci ba, don haka abin warwarewar yana nan a kan kwamfutar, a wata folda mai suna secrets, cikin fayil biyu, master.key da hudson.util.Secret. Duk wanda ya samu waɗannan fayiloli uku a tare ya samu komai. An kulle ƙofa da kwaɗo mai ƙarfi, ɗan makullin kuma yana rataye a jikin bangon ɗakin. Masu Jenkins ba su ɓoye wannan ba, sun rubuta shi a bayanansu, mu ne ba mu karantawa.

Abubuwa biyu ke biyo bayan wannan. Na ɗaya, kwafin ajiya da ake yi na babbar foldar Jenkins don gudun lalacewar inji, idan aka haɗa shi da foldar secrets aka jefa a filashi ko a wani asusun ajiya da kowa ke shiga, to an kwashe makullan kamfani gaba ɗaya an ajiye a bakin hanya. Ya kamata a raba su, a ajiye abin warwarewar a wani wuri daban da mutum ɗaya ko biyu kaɗai suka sani. Na biyu, duk mai cikakken iko a Jenkins yana da wani shafi da zai iya ba injin umarni kai tsaye, kuma da layi kaɗan zai sa a zayyano masa dukkan kalmomin sirrin a warware. Ma'ana, ba mutum matsayin admin, wato mai cikakken iko, daidai yake da miƙa masa zoben makullan duka, ko da niyyarka kawai ya iya sake kunna wani aiki da ya tsaya.

Abin da ya faru da kamfanin CircleCI, wanda ke ba da hayar irin wannan inji ga dubban kamfanoni, ya isa darasi. A tsakiyar Disambar 2022 wata muguwar manhaja ta shiga kwamfutar tafi-da-gidanka ta ɗaya daga cikin injiniyoyinsu, ta sace shaidar shiga da burauza ke riƙewa bayan mutum ya riga ya gama tantance kansa ta matakai biyu. Da wannan shaida ɓarayin suka shiga a matsayinsa. Bayanan abokan cinikin a rikiɗe suke a inda aka ajiye su, amma kamfanin da kansa ya bayyana cewa ɓarayin sun ciro makullan warwarewa daga manhajar da ke gudana a lokacin. A ranar 4 ga Janairun 2023 aka umarci duk masu hulɗa da su su sauya duk wani sirri da suka taɓa ajiyewa a can. Ina roƙon kowane shugaban sashen fasaha da ke karanta wannan ya tambayi kansa: in da a ce gobe da safe aka aiko masa da irin wannan saƙo, shin yana da jerin makullan da ke cikin injinsa, kuma ya san inda zai je ya soke kowanne?

Akwai kuma taurarin nan da ke yaudarar mutane. Idan aiki yana gudana, Jenkins tana rubuta rahoton duk abin da ya faru, kuma idan kalmar sirri ta zo fitowa a rahoton sai ta maye gurbinta da taurari. Wannan an yi shi ne domin kare kuskure, kamar mai wucewa ya hango allo. Ba ya hana mai niyya, domin wanda ke da ikon gyara rubutun aikin zai iya sa injin ya juya kalmar zuwa wata siga, ko ya raba haruffanta, ko ya aika da ita wata kwamfuta a waje, kuma taurari ba za su gane ta ba. Don haka ƙa'idar da ya kamata mu riƙe ita ce: duk wanda zai iya sauya abin da aiki ke yi, ya riga ya mallaki duk makullin da aka ba wannan aiki. Daga nan ne hikimar rarrabawa ta fito. Jenkins tana ba da damar a kasa ayyuka folda-folda, kowace da nata makullan, ta yadda aikin gwaji da sabon ma'aikaci ke taɓawa ba zai ga makullin rumbun bayanan gaske ba. Kuma kowane makulli a rage masa ƙarfi tun daga inda aka yanko shi: wanda aikinsa karanta ma'ajiya ne kada a ba shi ikon rubutu, wanda aikinsa ɗora manhaja ɗaya ne kada ya iya goge asusun kamfani. Haka nan kada a bar ayyuka su gudana a kan ita kanta uwar injin inda foldar secrets take, a tura su ƙananan kwamfutocin aiki da ke gefe, shawarar da masu Jenkins suka daɗe suna bayarwa.

Ba ma'aikacin gida kaɗai ke iya sauya abin da aiki ke yi ba. Kusan kowane aiki yana sauko da kayan wasu daga intanet ya gudanar da su. A shekarar 2021 masu kutse sun sauya wani ɗan rubutu na kamfanin Codecov wanda kamfanoni masu yawa ke saukowa a tsakiyar aikin harhaɗawa, suka ƙara masa layin da ke kwashe sirrin da aka shimfiɗa wa aikin ya aika musu. Tun ƙarshen Janairu abin ke gudana, ba a farga ba sai ranar 1 ga Afrilu, lokacin da wani abokin ciniki ya lura cewa lambar tantance fayil ɗin ba ta dace da wadda aka wallafa ba. Kamfanin da ya ba matakin gwaji makullin gwaji kawai, abin da aka sace masa kaɗan ne. Wanda ya zuba dukkan makullansa a gaban kowane mataki, shi ya kwana yana sauye-sauye.

Sabunta injin ma wajibi ne, kuma a nan ne na fi jin tsoro domin misalin ya yi kama da halinmu. A ranar 24 ga Janairun 2024 masu Jenkins suka sanar da wata ɓaraka mai lamba CVE-2024-23897, wadda ke ba mutum daga nesa damar karanta fayiloli a kan uwar injin ta hanyar saka alamar @ a gaban sunan fayil a cikin umarni, suka kuma fitar da gyara a rana guda a zubi na 2.442 da na 2.426.3. Bayan wata shida, a ƙarshen Yulin 2024, harin masu kutsen kwamfuta da ke neman kuɗin fansa ya faɗa wa C-Edge Technologies, mai samar da fasaha ga ƙananan bankuna a Indiya, har hukumar da ke kula da tsarin biyan kuɗi ta ƙasar ta yanke shi daga layi, ƙananan bankuna kusan 300, galibi na ƙauye da na ƙungiyoyin gama kai, suka kasa hada-hada na ɗan lokaci. Masu binciken tsaro sun danganta mashigar da wata sabar Jenkins da ba a sabunta ba a wani kamfani abokin aikinsu, Brontoo Technology Solutions. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsaga an sanar da ita an ba da abin toshe ta wata shida kafin nan. Mu ma a nan ƙananan bankuna da masu POS da yawa suna jingine ne da 'yan kamfanonin fasaha da abokan cinikinsu ba su ma san sunayensu ba.

Hanyar da na fi gamsuwa da ita a yau ita ce a rage makullan dindindin gwargwadon iko. Manyan kamfanonin hayar kwamfuta sun tanadi tsarin da inji zai gabatar da shaidar ko shi wane ne, a ba shi tikitin shiga da ke mutuwa da kansa bayan sa'a ɗaya ko ƙasa da haka, kuma manhajoji irin su Vault na kamfanin HashiCorp suna iya yanka wa kowane aiki kalmar sirrin rumbun bayanai ta ɗan lokaci su soke ta da an gama. Ɓarawon da ya saci irin wannan tikiti yakan tarar ya riga ya lalace. Na san ba kowane kamfani mai ma'aikata biyar ke da ƙarfin kafa wannan a mako ɗaya ba, amma sauran matakan ba sa cin ko kwabo: kowa da asusunsa na kansa, masu cikakken iko kada su wuce biyu, a janye shafin shiga daga idon duniya a mayar da shi bayan hanyar sadarwar kamfani, a buɗe rajista ta makullai da ke nuna sunan kowanne da amfaninsa da ranar da aka sauya shi, kuma ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki a sauya duk abin da hannunsa ya taɓa kaiwa.

A wannan mataki na ƙarshe ne nake yawan cin karo da turjiya, kuma turjiyar daga kyakkyawar ɗabi'armu take fitowa. Mu mutane ne masu kunya da girmama amana. Idan ka ce a rage wa wane iko, sai a ji kamar ka kira shi maci amana. Idan ka ce a sauya makulli bayan tafiyar wane, sai maigida ya ce ai yaron nan ɗan gidan mutunci ne, tare muka tashi da yayansa. Ina fahimtar wannan kuma ba na raina shi. Amma injiniyan CircleCI bai ci amanar kowa ba, kwamfutarsa aka shiga. Wayar da ke ɗauke da tsohon saƙon WhatsApp ana iya fizge ta a cikin Keke Napep, ana iya kai ta gyara, ana iya sayar da ita ba a goge ba. Taƙaita iko kariya ce ga shi kansa ma'aikacin, domin ranar da wani abu ya ɓace, wanda rajista ta nuna ba shi da makullin wurin ya tsira daga zargi, alhali inda mutum goma ke shiga da asusu ɗaya, zargi kan hau kan kowa kuma a rasa mai wanke kansa. Addininmu ma da ya umarce mu da rubuta bashi da kafa shaidu, tsakanin musulmi masu gaskiya ya yi umarnin.

Masu kamfanoni su kuma sani cewa doka ta shigo cikin maganar. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin sa'o'i 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan, kuma tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Kamfanin da kowa ke shiga injinsa da asusu ɗaya ba zai iya faɗa wa hukuma wanda ya shiga da abin da aka ɗauka ba, ko an ba shi wata guda.

Roƙona na musamman yana ga masu koyarwa, a jami'o'inmu da kwalejojin kimiyya da fasaha da cibiyoyin horaswa masu zaman kansu, da masu gudanar da shirin 3MTT na gwamnatin tarayya mai horas da mutane sana'o'in fasahar kwamfuta. Na zauna da ɗalibai da dama da suka iya kafa Jenkins su sa ta ɗora manhaja cikin awa ɗaya, amma da na tambaye su ina master.key yake da abin da zai faru idan aka kwafe shi, sai shiru. Ina ba da shawarar a sa wannan gwaji a cikin darasi: malami ya ba ɗalibi inji na gwaji mai kalmar sirri ta bogi a ma'ajiyarsa, ya ce masa ya fito da ita ta hanyar gyara rubutun aiki kawai, sannan ya ce masa ya sake tsara injin yadda abokin karatunsa ba zai iya maimaita abin ba. Darasin ba zai wuce awa biyu ba, kuma kwamfuta ɗaya ta ishe shi.

Kai kuma Edita, ina fatan jaridarka za ta riƙa gayyatar masana tsaron kwamfuta daga cikinmu su yi irin wannan bayani da Hausa a shafin kimiyya da fasaha, domin da yawa daga masu zuba jari a waɗannan ƙananan kamfanoni 'yan kasuwa ne da suka fi sakewa da karatun Hausa, kuma su ne ke da ikon cewa a tsayar da sabon aiki na kwana biyu a gyara makullai. Idan ka ba da fili, a shirye nake in rubuto bayani mataki-mataki na yadda ake raba makullai folda-folda a Jenkins da yadda ake tsara rajistarsu.

Na gode. Wassalam.

Naka,
Wani mai sana'ar rubuta manhaja,
Kaduna.